Shekarar da Bakin Fadama Ya Toshe

Shekara talatin da ɗaya yana aiki guda, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Mai-awo. Ma'aikatar ruwa ce ta kafa wani dogon turken ƙarfe a cikin kogi, da lambobi baƙaƙe masu tudu a jikinsa tun daga gindi har kai. Aikin Mai-awo shi ne ya je safe da yamma ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi, ya buga waya ofis ya faɗa musu. Da lambar nan ake sanin ko za a gargaɗi ƙauyukan da ke gangare, ko a bar su su ci gaba da sha'aninsu.

Tsakanin gidansa da kogin akwai fadama, tafiyar minti ashirin ga mai sauri. Shi bai taɓa yin ta a ƙasa da arba'in ba, don ba ya wuce abu bai tsaya ya duba ba. Ya san yadda ƙasar ke tsattsagewa da rani, har ƙafar akuya kan faɗa cikin tsagar. Ya san ɗan tabkin tsakiya da ke ƙafewa a ƙarshe, inda zalɓe ke tsayawa da ƙafa ɗaya kamar mai jiran a kira shi gaban alƙali, da kuma kifin nan gaiwa da ke shigewa cikin laka ta yi barcinta har ruwa ya dawo. In ruwan farko ya sauka, kwana biyu kacal fadamar ke ɗauka ta yi kore shar, kwaɗi su ɓarke da kuka har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Sai bado ya buɗe, kirinjijiya su zo garke-garke suna fito a sama, gauraka biyu su yi sheƙa a cikin ciyawa su hana kowa raɓar wurin. Matarsa, wadda ɗinki take yi a ɗakin ƙofar gida, takan ce ita dai ta san turke ɗaya ma'aikata ta ba shi, ba ta san ranar da aka ƙara masa da tsuntsaye ba.

Idanunsa sun fara ba shi wahala shekara biyu kafin abin ya faru. Da fari kamar hayaƙi ne ke giftawa, ya murtsuke ido ya wuce. Daga baya hayaƙin ya zauna daram. Fuskar mutum ta koma inuwa, sai ya yi magana sannan a gane shi. Matarsa ce ta fara lura, ranar da ya zuba shayi a gefen kofi, ya ci gaba da zubawa har ya gangaro masa kan ƙafa.

"Malam, yanar ido ce ke rufe maka gani," ta ce. "Irin ta yayata ce sak. Aikin minti talatin aka yi mata, ga ta can tana tsintar tsakuwa a shinkafa."

"Bari damina ta wuce," in ji shi.

Damina ta wuce, sai ya ce bari rani ya wuce. Gaskiyar maganar ita ce tsoro yake ji. Ya san ranar da ofis ya ji mai awo ba ya gani, ranar za a ce ya kawo littafi. Saura shekara biyu ya ajiye aiki da kansa, yana so ya ajiye shi da hannunsa, ba a karɓe ba. Kuma ya rasa me mutum zai tashi ya yi da safe in ba fadama za shi ba.

Da rani abin bai dame shi ba. Ruwa kan ja har turken ya kusan tsayawa a busasshiyar ƙasa, sai ya naɗe wando ya shiga, ya shafa lambobin da yatsa kamar mai laluben ƙofa. Damina ce matsalar. In ƙasa ta jiƙe, rabin fadamar na wajen kogi kan zama taɓo, ba a iya kaiwa gaɓa. Sai a tsaya a kan wani ɗan tudu, a ɗaga madubin hangen nesa da ma'aikata ta bayar, a karanta daga can. Yanzu kuwa in ya ɗaga madubin, fari kawai yake gani.

Sai ya koma ga abin da ya sani. Shekara talatin sun koya masa cewa yadda kogi ya hau, haka ruwan fadama ke hawa, don akwai 'yar hanya can sama da kogin ke bi ya shigo, ita ake kira bakin fadama. In ruwa ya taɓa saiwar giyayyar da ke gefen hanyarsa, kogi na mita biyu. In ya kai gindin tsohon suri, biyu da rabi. In ya rufe faffaɗan dutsen da mata ke wanki a kai, uku ke nan, lokacin shiri ya yi. Tsakanin waɗannan kuma yakan gwada da sandarsa. A daminar farko da ya yi hakan Injiniyar ma'aikata ta zo duba aiki, wata yarinya sa'ar 'yarsa ta biyu, ta ɗaga madubin da kanta ta kwatanta da littafinsa. Bambancin bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Ta yaba masa. Ya koma gida hankali kwance, yana ganin ya sami mafita.

Ban da ofis, akwai mutum ɗaya da ke jiran lambarsa kullum. Dogo mai lambu ne, abokinsa tun suna samari, wanda gonarsa ke can ƙasan fadama a bayan dogayen ciyayin kacalla. Yana da injin ban ruwa da shanun huɗa biyu da yake turkewa a kan wani ɗan tsibiri mai ciyawa mai kyau. Kowace shekara sai Mai-awo ya ce an kusa uku sannan yake kwashe su ya kai tudu.

"Likitan kogi!" haka yake ƙwala masa kira daga nesa. "Yaya mara lafiyar naka? Zazzaɓin ya hau ko ya sauka?"

"Da sauƙi. Kai ne dai ya kamata a auna, don kullum ƙara tsawo kake yi hankali na raguwa."

Haka suke gaisawa shekara da shekaru.

A shekarar da ake magana, rani ya yi tsawo fiye da kima. Tabkin tsakiya ya ƙafe tun da wuri, zalɓe ya tafi bai jira kowa ba. Zafin bazara ya zo ya zauna, iska ta yi ta kwasar yashi daga cikin kogi tana jibgewa inda ta ga dama. Shamuwa suka iso a kan lokacinsu, suka gyara sheƙa a kan bishiyoyi, suka zauna suna kallon sama tare da mutane har mako uku babu ko ɗigo. Da ruwan ya zo ma, a tsaitsaye ya zo. Ya jiƙa ƙasa, ya yi taɓon da zai hana kaiwa gaɓa, amma ba irin wanda ke cika ido ba. Kwaɗi suka yi kukan kwana biyu suka yi shiru. Gauraka suka zo, suka zaga, ba su yi sheƙa ba.

Can sama kuwa, inda kogin ya fito, ruwa ake tafkawa ba dare ba rana. Mai-awo bai san da wannan ba. Abin da kuma babu wanda ya sani shi ne yashi da kacalla sun haɗu sun toshe bakin fadama tun da rani, sai ɗan abin da ke tsatsowa ta ƙarƙashi. Kogi na hawa, fadama na biye da shi a hankali kamar gurguwa.

Ranar da ruwa ya taɓa saiwar giyayya, Mai-awo ya rubuta mita biyu da manyan haruffa, ya buga waya ya faɗa. Washegari ya ce biyu da santimita biyar. Bayan mako ya ce biyu da ashirin. Amma in ya tsaya a kan tudun ya kasa kunne, wani abu kan taɓa masa zuciya. Kogi mai mita biyu yana da muryarsa, ƙasa-ƙasa take, kamar hirar tsofaffi a zaure. Wannan kuwa gurnani yake yi, ana jin itatuwa na karo da juna a cikinsa. Yakan tsaya ya daɗe, sannan ya ce a ransa kunnen makaho kan ƙara wa komai ƙarfi, ya juya ya tafi.

Ran wata Talata Dogo ya tare shi a hanya, yau babu tsiya a bakinsa.

"Likita, kogin nan bana yana kuka da yawa. Kacalla ta kare ni, ba na hango shi daga wajena. Nawa ka gani?"

"Biyu da talatin."

"Ka tabbata?"

"Kai ne mai awon ko ni?"

Dogo ya yi dariya, ya ce to shi ke nan, zai bar shanun su ƙara mako su more ciyawa, injin ma yana da sauran aiki. Mai-awo ya ji kalmar "ka tabbata" ta bi shi har gida, amma bai waiwaya ba.

Kwana biyu bayan haka matarsa ta je gefen fadama yankan ciyawar awaki. Ta dawo ta ajiye damin, ba ta ko sha ruwa ba ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, akwai abin da ban gane ba. Tururuwa na gani jere, kowace da ƙwai a baki, suna hawa tudu. Guza kuma yana kwance can ƙololuwar giyayya, inda ban taɓa ganin ya hau ba. Sannan gyazbi uku, manyan ɓerayen nan na fadama, suka tsallake hanya a gabana da rana tsaka, ko tsorona ba su ji ba. Kai ka koya mini waɗannan abubuwa. Me suke nufi?"

"Bana komai a birkice yake," ya ce. "Dabbobin ma sun rasa gane kan shekarar."

"Ko kuma su sun gane." Ta zauna a bakin tabarma, ta rage murya duk da babu kowa a gidan. "Ka ba ni madubin nan in duba maka. Shekara talatin ina karanta tef ɗin awo, lamba ba za ta gagare ni ba."

"Ki bi ni fadama da madubi a hannu, gari duka na kallo? Kafin azahar labari ya kai ofis."

"To gara ya kai ofis da ya kai wani wuri."

Ya ja rediyo kusa da kunnensa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tashi ta koma kan kekenta, ya ji tana taka shi da ƙarfin da ba na ɗinki ba.

Ran Asabar da safe ya fita kamar kullum. Ya yi nisa cikin ciyawa sai ya ji takun mutum a bayansa, takun da ya sani. Bai ce mata ta koma ba. Fadamar ta yi tsit a safiyar nan, irin shirun da bai taɓa ji ba cikin damina. Tsuntsun nan zakaran ƙeƙuwa da ke yi masa ihu kullum in ya kusanci 'ya'yansa, yau babu shi. Da suka hau tudun, ya tsaya da madubin a hannu kamar mai shawara. Sannan ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

Ta ɗaga, ta murɗa, ta duba.

"Nawa?"

"Uku da sittin."

"Biyu dai. Duba da kyau, uwar yara, biyu da uku suna kama daga nesa."

"Malam, lamba huɗu nake gani a saman ruwa kaɗan. Abin da ya rage na turken bai kai tsawon hannuna ba. Ruwan ja ne, yana ɗauke da bishiya sukutum."

Uku da rabi ne iyakar da ake buga gargaɗi, kuma ya san kogi ba ya hawa mita guda a rana ɗaya. An wuce iyakar nan tun jiya ko shekaranjiya, yana tsaye a nan yana faɗin biyu da wani abu. Nan take ya gane abin da ya faru, don babu wata hanya da kogi zai kai haka fadama na ƙasa sai in bakinta ya toshe. Abin da ya toshe kuma da yashi, ba zai daɗe a toshe ba.

Ya ba ta wayar ta danna masa. Da Injiniya ta ɗauka ya ce, "Uku da sittin. A gaya wa mutanen gangare su tashi yanzu."

"Baba, jiya da yamma biyu da arba'in ka ce mini."

"Na sani. Ki fara tura saƙon, 'yata, bayani daga baya."

Ya ce wa matarsa ta ruga cikin gari ta tara maza, a nemo Dogo, wanda ya san ran Asabar kasuwa yake kai kayan lambu. Shi kuma ya gangara ƙasan fadama. Ta kira shi sau biyu bai tsaya ba. Hanyar gonar Dogo ƙafafunsa sun san ta, ko da ido ko babu. Ya yi ta kutsawa cikin taɓo, sanda a gaba, yana bin kukan shanun, don su ma tun da safe suke kuka suna jan igiya.

Hantsi ya ɗaga lokacin da bakin ya ɓalle. Bai gani ba, ji ya yi. Wata ƙara ce daga sama kamar an juye tirelar tsakuwa, sai tsuntsayen da suka ɓuya cikin kacalla suka tashi gaba ɗaya, fukafukansu suka rufe masa ɗan hasken da yake gani. Bai kai tsibirin ba ruwa ya iske shi, mai sanyi, ya kama shi a idon sawu, kafin ya yi taku ashirin ya kai gwiwa. Ya lalubi turken san farko, ya zaro 'yar wuƙarsa ya yanke igiyar. San ya fizge, ya bangaje shi ya faɗi, ya nufi tudu da kansa. Da ya miƙe, sandar ta tafi, wuƙar ma ta tafi. Ruwa ya kai ƙugu. Yana jin na biyun yana huci a wani wuri ta hagunsa, ya yi ta lalube yana kiransa da irin kiran da Dogo ke yi masa, amma ruwan ya juya masa gabas da yamma. Sai ya ji hannaye sun cafke shi ta baya. Masunta biyu ne da matarsa ta turo da kwalekwale. Suka ɗaga shi kamar buhu suka jefa ciki.

"Akwai sa ɗaya," yana ta faɗa. "Yana nan kusa."

"Baba, mun gan shi," in ji ɗayan. "Ba zai cetu ba."

Kafin la'asar fadamar ta zama kogi na biyu. Giyayya sai kanta ake gani, da guza a kai. Ƙauyukan gangare, da aka saba ba su kwana uku su shirya, awa huɗu suka samu. Ba a rasa rai ba. Amma rumbuna sun jiƙe, awaki sun tafi da dama, an fito da wata tsohuwa a kan ƙyauren ɗakinta ruwa na dukan ƙirjin masu ɗauke da ita.

Mutanen gari suka yi ta zuwa yi wa Mai-awo sannu, suna cewa ya yi jarumta, tsoho da shi ya shiga ruwa saboda dabbar aboki. Kowace sannu sai ya ji kamar an ɗora masa dutse. A rana ta uku Dogo ya zo da kansa, muryarsa a dishe, ya zauna kusa da shi a ƙofar gida ya kama hannunsa.

"Likita, na gode. Ba don kai ba da duka biyun sun tafi. Ruwa ne ya yi mana ba-zata, babu mai laifi."

"Akwai," in ji Mai-awo.

Ya gaya masa komai, tun daga shayin da ya zuba a ƙafa har zuwa saiwar giyayya. Bai rage ba, bai kuma nemi uzuri ba. Ya ce ran Talatar nan da ya ce biyu da talatin, shekararsa biyu rabon da ya ga lamba a jikin turken daga tudu.

Dogo ya saki hannunsa a hankali.

"Na tambaye ka," ya ce. "Na ce ka tabbata."

"Ka tambaya."

"Shekara arba'in muna tare. Da ka ce mini, Dogo, ba na gani, wallahi kullum safiya zan zo in duba maka, in yi maka tsiya, mu rabu, babu wanda zai ji. Ni ka ɓoye wa? Ni?" "San nan a hannuna aka haife shi. Da igiyar da na ɗaure shi da hannuna ya mutu."

Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya tafi ba sallama.

Washegari Injiniya ta iso da mota, takalmanta duk laka. Ta zauna a ɗakin ɗinki, ta buɗe littafinsa a kan cinya tare da takardar awon tashar da ke sama da su. Ta ce ita ma da laifinta, tun mako biyu ta ga lambobin biyu ba sa tafiya tare, ta ce a ranta Baba ba ya kuskure, mai awon saman ne sabon hannu. Ta ce za ta iya rubuta cewa madubin ne ya lalace.

"Madubi lafiyarsa lau," ya ce. "Ki rubuta yadda abin yake. Kuma ki sa a duba bakin fadamar nan kowane ƙarshen rani, kada wanda zai zo bayana ya dogara da abin da na dogara."

Yana jin tana juya biro a hannu. Sannan ta ce dole ta karɓi aikin daga hannunsa, ya ce ya sani. Ta tambaya wa zai riƙa dubawa kafin a turo wani, don ruwa bai gama ba. Matarsa, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce ita za ta duba. Haka aka yi mako shida, safe da yamma tana gaba da madubi yana biye da ita, ita ke karantawa, ita ke rubutawa, ita ke buga waya. Mutanen gari suka kalla, suka yi maganarsu, suka gaji suka daina. Waɗansu daga ƙauyukan gangare sun daina amsa gaisuwarsa. Bai ga laifinsu ba.

Da kaka ta shigo aka yi masa aikin ido ɗaya, aka ce ɗayan sai bayan wata uku. Ranar da aka cire bandeji, likita ya hana shi shiga rana da ƙura, ya yi mako biyu a ɗaki yana kallon abubuwan da ya manta kamanninsu, zanen tabarma, tsagar bango, zaren da ke maƙale a gefen zanin matarsa. Da aka ba shi izini, ya sa baƙin tabarau ya fita. Wani mutum daga gari mai babur ne ke awon yanzu, ta sabuwar hanyar da aka share yake bi ya je ya dawo cikin minti goma.

Ruwa ya ja ya bar fadamar da sabuwar fuska. Tsohon surin ya narke, babu ko alamarsa. Yashi ya binne dutsen wanki. A inda da ciyawa ce zalla, yanzu ƙananan tafkuna ne barkatai cike da 'ya'yan kifi da ruwa ya bari, zalɓe da balbela sun yi musu dafifi suna ci ba mai korar wani. Ya ga gauraka biyu da ɗa guda, ƙarami ƙwarai a wannan lokaci na shekara, yana bin su da gudu. Ashe sun yi sheƙar daga baya, a wani wurin da bai sani ba.

Can ƙasa ya hango mutum shi kaɗai, dogo, tsaye cikin laka har gwiwa yana haƙa. Ya daɗe yana kallonsa. Wata uku ke nan ba su yi magana ba. Ya koma gida ya ɗauko shebur.

Dogo bai ɗago ba da ya iso. Injin yake tonowa, kansa kawai ya fito daga cikin laka. Mai-awo ya naɗe wando ya shiga ta ɗaya gefen ya fara haƙa. Suka yi ta aiki babu mai cewa uffan, sai ƙarar shebur da numfashi. Laka ta yi tauri a sama, a ƙasa kuwa tana riƙe ƙafa kamar da gangan.

"An ce an hana ka sunkuyo," in ji Dogo, yana kallon ramin.

"An ɗage dokar."

"Kada idon ya zazzago mini a gona, ba ni da wurin ajiye shi."

Suka ci gaba. Wajen azahar gindin injin ya motsa. Suka zura masa wani ƙaton itace ta cikin mariƙi, kowa ya sa kafaɗa, suka ɗaga a karo na uku sannan ya fito, laka da ƙananan ƙaguwa na zubowa daga cikinsa. Dogo ya tsuguna ya share shi da tafin hannu, ya leƙa ciki, ya girgiza kai.

"Zai tashi?" Mai-awo ya tambaya.

"Sai makaniki ya gani." Ya miƙe, ya dubi abokinsa ido cikin ido karo na farko. "Ban ce na huce ba, ka ji ko?"

"Na ji."

"To kama can. Kai ne gajere, ka shiga gaba, nauyin ya fi zuwa wajenka."

Suka ɗauka. Hanyar zuwa tudu da nisa, ga santsi, ga su duka biyun ba yara ba. Sau huɗu suna ajiyewa suna hutawa kafin su kai bakin titi, inda suka zauna a kan itacen suna jiran mai amalanke.